Hutu a bakin teku: yadda muka zaɓi masauki mai natsuwa a Gran-Popo

Ƴan uwa mata na Maraɗi, Damagaram, Tawa, Yamai da ƙauyukan da ke tsakani,

Da yawa cikinmu sun san Kwatano, amma sanin kasuwa. A sauka daga kar da kumburarrun ƙafafu, a shiga Dantokpa, a bi layin masu atamfa da leshi, a ɗaure kaya, a kwana ɗaya ko biyu a Zongo, a juyo gida. Akwai wadda ta yi wannan hanya sau goma ba ta taɓa tsayawa ta kalli teku ba, alhali tafiyar zemijan ce kawai tsakaninta da shi. Da aka yi rabon asusu, mu tara muka ware wani abu daga cikin ribarmu, muka ce wannan karon za mu je mu zauna kwana biyar, babu saye babu sayarwa. Tun da muka dawo ake tare mu da tambaya iri ɗaya: ina kuka sauka, kuma yaya kuka yi kuka samu wurin da babu hayaniya? Ga amsar, don wata ƙungiya ta amfana.

Abu na farko da za mu gaya muku shi ne bakin teku ba ya shiru. Dare da rana ruwan yana dukan yashi, kamar ana zazzage buhunan gero daga mota ba a tsayawa. Daren farko kunne yana baƙunta, dare na biyu sai ki ji da shi kike barci. Wannan ƙarar ba ta gajiyar da mutum. Wadda ke hana hutu ta mutane ce da injuna, kuma kowane gari a gaɓar yana da irin tasa. Wadda ta san daga ina ƙarar ke fitowa, da lokacin da take tashi, ta yi rabin aikin zaɓen masauki.

Hanya da garuruwan gaɓa

Daga Yamai zuwa Kwatano ya haura kilomita 1,000. Ana bi ta Doso da Gaya, a tsallaka kogin Kwara zuwa Malanbil, sai Kandi, Paraku, Dasa da Bohikon. Mutanen Maraɗi da Tawa suna haɗuwa da hanyar a Doso bayan sun wuce Ƙonni da Dogon Dutsi. Tun 2023 sha'anin tsallaka iyaka a Gaya ya sauya, don haka kafin ki sayi tikiti ki je tasha da kanki ki ji yadda ake wucewa a satin. Ki riƙe takardar shaidarki da katin rigakafin shawara. Kuɗi kam babu wahalar canji, sefar da ke hannunmu ita ake kashewa a Benin.

Gaɓar Benin gajera ce, amma wurare uku ne baƙo ya fi jin sunansu. Na farko Fijirose, unguwar bakin teku ta Kwatano. Tana da kyau, akwai abinci, akwai abin hawa kowane lokaci. Sai dai nan ne matasan birni ke hutun ƙarshen mako. Daga yammacin Juma'a zuwa daren Lahadi rumfunan shaƙatawa suna jere, kowace da lasifikarta, ga filin jirgin sama a kusa. Wurin yini ne, a je a sha iska a dawo.

Na biyu Wida, kimanin kilomita 40 yamma da Kwatano. Gari ne na tarihi mai nauyi, don daga nan aka yi ta lodin bayi zuwa ƙasashen Amurka. Akwai hanya mai tsawon kusan kilomita 4 daga cikin gari zuwa bakin ruwa, wadda bayin suka bi, a ƙarshenta kuma ga babbar ƙofar tunawa da aka gina a 1995, wadda ake kira ƙofar da ba a dawowa. Mun tsaya a gabanta, babu wadda ta iya cewa uffan. Ya kamata kowa ya gani. Amma Wida garin maziyarta ne, motocin ƴan makaranta da na baƙi ba sa yankewa.

Na uku Gran-Popo, kimanin kilomita 85 daga Kwatano, dab da iyakar Togo. Garin doguwar tsiri ce ta yashi, teku a kudu, kogin Mono da fadamunsa a arewa, itatuwan kwakwa a tsakani. Mutanensa masunta ne da masu lambu, harsunansu Hwula da Mina, ga Faransanci. Abin da ya ba mu mamaki, a kan yashin nan suke noman albasa da tumatir da karas, suna ban ruwa safe da yamma. Wata ƴar Galmi da ke cikinmu ta duƙa ta tuge ganye ta shinshina, ta ce, "To, sun yi ƙoƙari, amma tamu ta fi yaji." A nan muka tsayar da shawara.

Ƙara iri huɗu da za ki bincika

Ta farko ita ce ta titi. Babbar hanyar da ta taso daga Legas ta bi Kwatano da Lome har Abijan ta ratsa yankin, kuma manyan motocin kaya sun fi tafiya da dare. Daga mahaɗar Gran-Popo zuwa yamma, wajen Aguwe da iyakar Hilakonji, titin yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da teku. Masaukin da ke nan zai iya nuna miki hoton ruwa da kwakwa, bai yi ƙarya ba, amma bayan ɗakin tirela ce ke wucewa. Daga mahaɗar zuwa gabas kuwa ƙaramar hanya ce ta nufi tsohon gari, Gbekon, ba ta kai manyan motoci ko'ina. Mu ta wannan ɓangaren muka nema. In kin shiga ɗaki ki rufe ƙofa, ki yi shiru minti ɗaya. In ƙarar mota ta rinjayi ta ruwa da rana, da dare sai abin da ya ƙaru.

Ta biyu ta mashaya ce da wuraren kiɗa. Da hantsi ba za ki gane su ba, rumfar ganyen kwakwa ce kawai da kujeru a kife. Ki duba kusurwa: in kin ga manyan lasifika an lulluɓe da leda, ki san da dare akwai zance. Masaukin da ke da tasa mashayar a tsakar gida ma haka ne. Ki tambaya kai tsaye ko ana ba da hayar filin don biki ko taro, don wasu masaukan da bukukuwan ƙarshen mako suke rayuwa. Haka nan akwai majami'u masu ibada da ganguna da waƙa, wasu masu fararen riguna ma a bakin ruwan suke addu'arsu. Garinsu ne, ibadarsu ce, babu mai cewa su daina. Naki kawai ki san nisan ɗakinki da su.

Ta uku ita ce ta injin wuta, gurup ɗin nan da ake tayarwa in an ɗauke kuran. Ki ce a nuna miki inda aka ajiye shi. Ɗakin da ya jingina da shi yakan fi araha, kuma araha ba ta ado. Mu da muka saba kwana a tsakar gida lokacin zafi mun fi son ɗaki mai taga biyu, ɗaya na kallon teku. Iskar da ke shigowa daga ruwa ta wadatar, ko bantilate ba a buƙata sosai.

Ta huɗu tana cikin kalanda. Juma'a ta biyu a watan Janairu ranar hutu ce a Benin don bikin addinin gargajiya na Vodun, kuma Wida da Gran-Popo suna cika maƙil, ganguna har dare, ɗakuna su yi tsada. Sai kuma Nonbica, taron shekara na ƴan asalin Gran-Popo, wanda aka faro tun 1921. Ana yin sa lokacin bikin Fentikos na Kirista, cikin Mayu ko Yuni, ƴan garin da ke nesa duk su dawo gida. Ƙarshen Disamba ma haka. Mai son kallo ta zo a waɗannan ranaku, mai son barci ta kauce musu. Ko a sauran shekara, Litinin zuwa Alhamis sun fi Asabar da Lahadi sauƙin mutane da sauƙin kuɗi.

Wa za ki tambaya? Mai masauki kayansa yake talla, ba zai kushe su ba. Mai zemijan wani lokaci yana da ladan kai baƙo. Wanda ya fi yi mana amfani mai tsire ne a bakin mahaɗa. A garuruwan gaɓar nan masu tsire da mahauta da dama mutanenmu ne, kuma sana'arsu ta dare ce, babu kiɗan da ke tashi ba su ji ba. Shugabarmu ta gaishe shi ta ce, "Malam, mu baƙi ne daga Nijar, wurin kwana muke nema wanda tsohuwa za ta yi barci." Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ku wuce can gabas. Duk inda kuka ga fitilu masu launi a ƙofa kada ku tsaya." Matambayi ba ya ɓata.

Natsuwa daban, kaɗaici daban

Nan ne muka fi daɗewa muna shawara. Can gaba da Gbekon, wajen ƙauyen Ablo, hanya ta zama yashi, gidaje sun yi nisa da juna, babu abin da kike ji sai ruwa da tsuntsaye. Ƙaramarmu ta ce, "Inna, ai nan ne wurin!" Ma'ajiyarmu ta ce, "Ɗiyata, in cikin dare ciwon wata ya tashi, wa za mu kira?" Gaskiyarta. A cikinmu akwai mai hawan jini, akwai mai goyo. Wurin da babu kowa yana da daɗi da rana, amma ayarin mata a baƙon wuri yana buƙatar maƙwabta.

Ma'aunin da muka yi amfani da shi mai sauƙi ne. Wurin ya kasance da katanga ko shinge da ƙofa mai rufuwa. Ya kasance akwai mai gadi ko iyalin mai gidan suna kwana a ciki. Wayar salula ta kama a cikin ɗaki, ba sai an fita bakin hanya ba. A iya samun abin hawa cikin ɗan lokaci, kuma a san inda asibitin garin yake tun ranar sauka. Wurin da muka ɗauka ƙaramin gida ne mai ɗakuna kaɗan, matar mai gidan ce ke kula da shi, kuma daga ƙofa muna hango matan masunta suna ƙyafe kifi. Ganin mata a kusa ya kwantar mana da hankali fiye da kowane kwaɗo.

Sai batun tekun kansa, kuma don Allah ku riƙe wannan. Ruwan gaɓar Benin yana da ja. Igiyar tana bugowa, in za ta koma sai ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarki ta ja ki ciki. Ko waɗanda suka iya iyo yana cin su, balle mu da iyakarmu gulbi da tabki. Mun tsaya inda kumfa ke taɓa idon sawu, ba mu wuce nan ba, kuma ba a juya wa ruwan baya. Mai zuwa da yara ta zaɓi masaukin da ke da shinge tsakaninsa da yashi. Ruwan yana hawa yana sauka sau biyu a yini, wurin da kika shimfiɗa tabarma da safe zai iya zama cikin ruwa da la'asar. Tekun yana cin ƙasa ma. A Gbekon mun ga kangayen tsofaffin gidajen ƴan kasuwa na zamanin Turawa, an ce mana wani sashe na tsohon garin yana ƙarƙashin ruwa yanzu. Ɗakin da ya ɗan ja baya cikin kwakwa ya fi wanda ke bakin ruwa sosai.

Abin da mace za ta duba a ɗaki

Ki buɗe famfo ki ɗanɗana. Rijiyoyin kusa da teku wasu da gishiri-gishiri, sabulu ba ya kumfa, shayi ba ya daɗi. Ruwan sha a saya. Ki ɗaga katifa ki shinshina, don laimar gaɓa tana sa gado warin ruma. Gidan sauro dole ne, fadamun Mono na nan kusa. Mu mun taho da namu daga gida, ba mu dogara da na masauki ba. Wanki kuma ba kamar namu ba ne da ake shanyawa a kwashe kafin a gama tuwo. A can zane sai ya yini bai bushe ba, ki zo da canji isasshe.

Ki tambaya ko za a bar ku ku yi girki. Wannan ya rage mana kashe kuɗi ƙwarai. Mun taho da shinkafa, garin masara, yaji, kuka, daddawa da kilishi. Kifi muna saye da safe daga hannun matan masunta, kayan miya daga lambu. Ba mu shiga tunanin wane irin nama ne a tukunyar wani ba. Ki duba kuma ko akwai wani lungu a tsakar gida da idon maza ba ya kaiwa, inda za ku yi salla, ku cire mayafi, ku miƙe ƙafa, a yi kitso da lalle. Hutun da mace za ta yini a takure ba hutu ba ne.

Kuɗin ƙungiya

Kuɗin nan sati-sati aka tara su, dala bisa dala, bai kamata su tafi a hoton waya ba. Kada ki aika kuɗin ɗaki ga wanda ba ki gani ba don ya turo miki hotuna. Hoto ba ya ɗaukar ƙara, ba ya ɗaukar wari. Gani ya kori ji. Mu mun bar kayanmu wurin mutum bakwai a inuwa, biyu suka zagaya suka duba wurare huɗu. Da aka zaɓa, kwana ɗaya muka biya tukuna, muka ce in mun ji daɗin daren za mu biya sauran. Mai gidan ta yarda, kuma da ta ga ɗaki uku ne na kwana biyar a tsakiyar mako, ta yi mana ragi. A yi ciniki kafin a sauke kaya, a kuma fayyace ko kuɗin na ɗaki ne ko na kowane kai, da ko karin kumallo na ciki.

Tun a gida muka kasa kuɗin uku: na mota zuwa da dawowa, na kwana da ci, da na ko-ta-kwana wanda ba a taɓawa. Na dawowa a hannun mutum biyu yake, ba a jaka ɗaya ba. Ma'ajiya tana rubuta kowace fita a littafi kamar ranar zubi, da dare a karanta kowa ta ji. Jarin sana'a da asusun taimako ba su shiga wannan tafiya ba. Hutun da za a dawo ana bin bashi ya zama wahala.

Game da lokaci, kudancin Benin damina biyu gare shi: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Daga Disamba zuwa Maris rani ne. Gare mu ya yi daidai, an gama girbi, an yi rabo. In aka kauce wa ƙarshen Disamba da satin bikin Vodun na Janairu, sauran ranakun garin a sake yake.

Abin da natsuwar ta ba mu

Da yake mun yi barci, mun tashi da asuba da ƙarfinmu, kuma safiya ce lokacin da gaɓar ta fi kyau. Masunta suna kai taru cikin teku da jirgi, sannan mutane su yi layi biyu a kan yashi suna jan igiya, suna waƙa don hannu ya zo ɗaya. Aikin yana ɗaukar sa'o'i. In tarun ya fito, mata su matso da manyan kwanoni, a kasa, a yi ciniki, wanda ya ja igiya a ba shi rabonsa. Mun zauna muna kallo, wata ta ce, "Wannan ai gayya ce, gonar ce kawai ta ruwa."

Wata rana mun hau jirgi a kogin Mono zuwa inda yake shiga teku, wurin da ake kira Bush-di-Ruwa. Ruwan kogin a kwance yake, ana ratsa wasu itatuwa masu saiwa a tsaye cikin ruwa, har a kai inda ruwa biyu ke karo. Ku nemi matuƙin da masaukinku ya sani, ku ce a ba ku rigar kariya, kada a cika jirgin. A gaɓar nan kuma kunkurun teku na fitowa da dare ya haƙa yashi ya yi ƙwai, akwai masu tsaron ƙwan har a ƙyanƙyashe a saki ƴaƴan cikin ruwa.

A hanyar komawa mun tsaya Jegbaji, kusa da Wida, inda mata ke dafa gishiri. Da rani suna kankare ƙasar fadama, su zuba a manyan kwanduna, su kwarara ruwa ya tsiyaye, su dafa ruwan har ya ƙafe ya bar farin gishiri. Wata daga cikinmu da ke da dangi wajen Gaya ta riƙe baki ta ce haka ake yi a Foga, ba bambanci. Ba ma jin harshensu, ba sa jin namu, amma mun gane hayaƙin da ke idonsu da nauyin itacen da suke ɗauka. Kowace ta sayi ƙulli na tsaraba.

Ga ƙungiyar da ke da niyya: ku fara ware kuɗin tun farkon zagaye, kaɗan-kaɗan, a wani asusu daban. Ku isa garin da rana tsaka don ku ga wuri da idonku. Ku bi ɓangaren da manyan motoci ba sa bi, ku tambayi mai sana'ar dare, ku biya kwana ɗaya tukuna, ku zauna inda akwai mata a kusa. Wadda kuma ta taɓa sauka a Aneho ko wajen Lome ta aiko da nata bayanin, a buga a fitowa ta gaba, mu ma mu ƙaru.